Daga Zaman Daro Zuwa Tatata

A gidanmu na cikin birnin Zariya, jariri na uwarsa ne har ya cika wata shida. Daga nan ya zama na tsakar gida. Ba wanda ya taɓa zama ya kafa wannan doka, amma haka na taso na tarar, haka kuma aka yi wa ƙannena da 'ya'yan baffannina da aka haifa a gabana cikin shekarun 1980. Da zarar wuyan yaro ya tsaya, ya fara birkicewa da kansa, yana kai wa kwanon abinci cafka, sai a ji kakarmu, wadda duk gidan ke kira Iya, ta ɗaga murya daga bakin ƙofarta: "A fito mini da mutumin nan ya sha iska, ɗaki ba ya raya yaro."

Gidan yawa ne, sassa huɗu, ga rijiya a tsakiya, ga darbejiya mai inuwa inda mata ke surfe da tankaɗe. Ina firamare aka ɗora mini renon ƙanena. Da na dawo daga makaranta, in ajiye jaka, in ci abinci, sai Inna ta miƙo mini shi tare da majanyi. Daga baya aikin lafiya ya kai ni ɗakin awon yara, na yi shekaru ina ɗora 'ya'yan mutane a kan sikeli, na kuma karanta abin da masana suka rubuta a kan waɗannan watanni shida na ƙarshen shekarar farko. Duk da haka, in an ambaci jariri ɗan wata bakwai ko takwas, ba littafi nake fara tunawa ba, gindin darbejiyar nan nake gani.

Karatun farko shi ne zama. Iya tana da wani tsohon daron silba da ya daina riƙe ruwa. Takan shimfiɗa tsumman zani a ciki, ta dasa yaron a tsakiya, ta cusa wasu tsummokaran ta baya da gefe har ya tsaya cak, kansa na ɗan rawa, idonsa na bin kaji. Ba ta barinsa ya daɗe. Da ta ga ya fara langaɓewa sai ta ce, "Ɗauke shi, kada ku gajiyar mini da miji." Bayan 'yan makonni aka bar daro, aka koma tabarma: in zauna in buɗe ƙafafu, in jingina bayansa da cikina, a hankali ina ja da baya ba tare da ya sani ba. Yakan dafa ƙasa da hannu biyu ya tokare, ya karkata, ya faɗi gefe a kan cinyata, ya yi dariya ko ya ɓare baki, a sake. Ranar da ya zauna shi kaɗai, hannuwansa biyu riƙe da ludayi, matar baffana ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko haihuwa aka yi.

Abin da na fi kewa a yau shi ne ƙasa. Tsakar gidanmu daɓe ne da aka yi da makuba, ana share shi safe da yamma, kuma kafin a sauke yaro sai an kori kaji, an kashe garwashi, an tabbatar murfin rijiya na kai. Daga nan fili nasa ne. Ba mu san kayan wasan kanti ba. Nasa su ne ludayin duma, murfin samira, faifai, da gwangwanin madara da yayanmu ya zuba wa tsakuwa ya matse bakinsa. Yakan buga murfin da ludayi, ya tsaya ya saurari ƙarar, ya sake bugawa. Yakan jefar da ludayin ya bi shi da ido, in ɗauko, ya sake jefarwa. In na fara tsaki sai Iya ta ce, "Ɗauko masa, 'yar nan, ba da ke yake ba, duniya yake gwadawa." Gaskiyarta. A wannan jifa da ɗaukowa ne yaro ke gane cewa hannunsa na iya sa abu ya faru, kuma abin da ya ɓace wa ido bai bar duniya ba. Mukan kife faifai a kan ludayin. Yana ɗan wata shida sai ya manta da shi nan take, ya juya ga wani abu. Da ya kai wajen wata tara kuwa, da kansa yake ɗage faifan, ya dube mu yana washe dasashi. Haka wasan mayafi: in rufe fuskata in ce "Ina Yaya?", shi kuma ya fizge mayafin yana ƙyalƙyala dariya har da shaƙuwa.

Rarrafe ma a nan ya samo shi, ba wanda ya koya masa. Ya fara da jan ciki, sannan ya ɗaga gindi yana lilo gaba da baya, sannan ya yi ta tafiya da baya yana jin haushi, don abin da yake so na ƙara nisa. Abin da muke yi kawai shi ne ajiye gwangwanin nan ɗan nesa da hannunsa. Da rarrafe yaro kan tashi, in ji mutanen da, amma sai an ba shi wurin rarrafen. Bayan haka yatsu suka waye. Sai ka gan shi ya tattara hankali kan ƙwayar dafaffen wake guda ɗaya a faifai, ya kama ta da babban yatsa da manuniya, ya kai baki. Daga ranar aikina ya ƙaru, domin duk abin da yatsun nan biyu suka tsinta baki za shi: tsakuwa, ƙwallon dabino, kobo. Iya ta hana a ba yaro gyaɗa ko aya ɗungurungum, ta ce maƙogwaronsa bai kai ba, kuma har gobe wannan magana tana nan daram.

Ba kowace ƙasa ake sauke yaro a kai ba, wannan kuwa mun koye shi da hawaye. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, an riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar da ke ɗauke da gubar dalma ta kwanta a tsakar gida, yara sama da 400 suka rasu. Ƙanana ne abin ya fi ci, masu wasa a ƙasa suna kai hannu baki. Amma maganin wannan shi ne tsabtace wurin, ba ɗaure yaro a gado yini guda ba.

Bayan ƙasa sai baki. Jaririn gidanmu ba ya yini a shiru. Iya ta fi kowa. In namiji ne mijinta ne, kullum tana ƙorafin bai ba da kuɗin cefane ba. In mace ce kishiya ce, ta zo ƙwace mata Malam. Takan ɗora ƙanena a gwiwa, fuska da fuska, ta ce, "Maigida, yau ma haka za mu kwana ba goro?" Sai ta yi shiru tana jiransa. Shi kuma ya ce "ba-ba-ba", ta kama haɓa ta ce, "Au, bashi za ka ci? Wurin wa?" Ya ƙara wani gwarancin, ta ƙara amsawa. Wannan shirun da take yi tana jira, shi ne gishirin abin. Tana koya masa cewa magana karɓa-karɓa ce, kuma in ya yi sauti akwai mai saurare. Ga masu yi masa tawai, ga 'yan mata masu koya masa tafi, ga almajirin gidan da ke kwaikwayon kukan akuya don ya yi dariya, ga Baba da in ya dawo daga kasuwa yakan ɗaga shi sama ya kira sunansa. Ko matar baffana, da kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunan ɗanta ko yi masa wasa a gaban mutane, ɗan nata bai rasa komai ba, domin bakuna goma sun tsaya mata.

Shekaru da yawa bayan haka na karanta binciken da Patricia Kuhl da abokan aikinta na Jami'ar Washington a Amurka suka wallafa a 2003. Sun ɗauki jarirai 'yan wata 9 da ba su taɓa jin Sinanci ba. Wasu aka haɗa su da mutum mai jin harshen, yana yi musu wasa da hira har zama 12. Wasu kuma aka nuna musu irin wannan hirar a talabijin, ko aka kunna musu muryar kawai. Waɗanda suka zauna da mutum sun iya bambance sautukan Sinanci, na gaban talabijin kuwa kamar ba a yi ba. Tsakanin wata 6 da 12 ne kunnen yaro ke daidaita kansa da harshen gidansu, a nan ne ɗan Bahaushe ke kama sautukanmu masu lanƙwasa da hawa da saukar murya, tun bai furta kalma ɗaya ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an jingina waya a gaban ɗan wata takwas don ya yi shiru. Ba na zargin uwar. Ita kaɗai ce a gida mai ɗaki biyu, miji ya fita tun safe, ga girki ga wanki, babu Iya babu 'yar reno. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara a 2019 cewa yaron da bai cika shekara ba kada a ajiye shi gaban allon waya ko talabijin sam. Uwar da ke yanka kuɓewa tana gaya wa ɗanta "ga kuɓewa, ga wuƙa, wuƙa ba taka ba ce" ta yi masa abin da wayar ba za ta taɓa yi ba.

Goyo ma makaranta ce. A bayana ƙanena ya san hanyar gidan mai ƙosai, ya san zauren da ake karatun allo, ya ga awaki da masu tallan fura. Wajen wata takwas sai ya fara ƙiwa. Baƙuwa ta miƙo hannu, ya ƙanƙame wuyana ya tsala ihu. Wasu kan ji haushi su ce an sangarta shi. Iya kan ce, "Ku bar shi, ya san nasa ne." Ba ta yarda a fizge yaro a danƙa wa wanda yake gudu ba. Takan ce baƙuwar ta zauna a yi hira, in ya gama leƙenta daga bayan kafaɗa shi da kansa zai miƙa hannu ga awarwaronta.

Inda ba na yi wa zamanin nan namu kara shi ne wajen abinci. Nono kam ana ba da shi yadda ya kamata, har shekara biyu ko kusa da haka, kamar yadda addini ya kwaɗaitar. Amma daga wata shida nono kaɗai ba ya ƙosar da yaro, sinadarin ƙarfen jini da aka haife shi da shi ma ya fara ƙarewa, abin da ake ƙara masa kuwa kunun gero ne tsululu, kamar ruwan wankin ƙwarya. Cikin yaro ɗan mitsitsi ne, in ka cika shi da ruwa ina wurin abinci? Ga kuma ɗura. Na sha ganin an matse yaro tsakanin cinyoyi, an tara tafin hannu a bakinsa, ana kwarara kunu, in ya ƙi a toshe masa hanci. Yana shure-shure yana ƙwarewa, a ce ai don ya ƙoshi ne. Da na fara aiki na ga yaran da kunun ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Ƙwai kuwa an ce in yaro ya saba da shi zai yi sata, nama kuma sai mai haƙori.

Goggonmu, ƙanwar Baba, ita ta fara karya wannan a gidan, bayan ta riƙa zuwa awo tana sauraron bayanin ma'aikatan jinya. Kununta mai kauri ne, in ta karkata cokali ba ya zuba sai ta girgiza. Takan dama shi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin waken soya da ta soya, ta ɗiga manja, wata rana ta murmushe gwaiduwar ƙwai ko busasshen kifi da ta daka ta tankaɗe. Takan dafa kabewa ko dankalin Hausa ta dame, ta sa garin zogale a miyar da za ta lakata masa da tuwo mai laushi. Ba ta ɗura. Takan zaunar da ɗanta a cinya, ta ba shi cokali ɗaya ya riƙe, ita ta riƙe ɗaya, in ya kau da kai ta dakata, in ya buɗe baki ta ba shi. Rabi a ciki rabi a riga, ba ta damu ba. An yi mata surutu, an ce boko ya shiga kanta, amma kumatun yaron suka rufe bakin kowa. Abin da take yi shi ne ake koyarwa har yau: sau 2 zuwa 3 a rana daga wata 6 zuwa 8, sau 3 zuwa 4 daga wata 9, tare da nono, kuma ban da zuma sai an cika shekara. Ba ƙaramar magana ba ce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Mafi yawan wannan tsumburewa kafin shekara biyu take kama yaro, a ƙasar da ke noma gyaɗa da wake da waken soya.

Haƙori kuma shi ne mai ɗaukar laifin kowa. Da biyun nan na ƙasa sun fara ɓullowa, duk gudawa da zazzaɓi sai a ce haƙori ne, a rataya laya a jira. Alhali lokacin ne yaro ke rarrafe yana tsintar ƙasa, lokacin ne ake ba shi kunun da ya yini a buɗe, kariyar da ya samo daga jikin uwa kuma tana raguwa. Haƙori kan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ya sa yaro ya yi ta zawo har maɗiga ta faɗa. Faɗawar maɗiga alama ce ta ruwan jiki ya ƙare, ba abin shafa wa magani a ka ba ne. Na tuna yadda rediyo ya cika da bayanin ruwan gishiri da sukari zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, kuma na san yara a unguwarmu da wannan ruwa ya tsamo daga bakin kabari. Neman maganin haƙori kuwa ya taɓa jawo mana babban rashi: a 2008 wani maganin haƙori mai suna My Pikin, da aka samu guba a cikinsa, ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan.

Wata tara na da nasa nauyi. Duk bazara baƙon dauro kan shigo unguwa, ya bi gida-gida. Akwai wata 'yar maƙwabtanmu, sa'ar ƙanena, da muke shimfiɗa musu tabarma ɗaya. Ta riga shi rarrafe, ta riga shi tafi, har ta fara kama bango. Ƙyanda ta kama ta, aka kulle ta a ɗaki ana jiƙe-jiƙe, ba ta ga ƙarshen watan ba. Har yau in na tuna yadda uwarta ta zo ta naɗe 'yar tabarmarta ta tafi da ita, sai ƙirjina ya yi nauyi. Ƙanena kuwa Inna ta goya shi zuwa asibiti ranar da ya cika wata tara, aka yi masa allura, aka rubuta a katin da take adanawa a ƙasan adaka tare da takardun gida. Yanzu a wata 9 ana haɗa ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a sake ta ƙyanda a wata 15, ga kuma ɗigon bitamin A tun daga wata 6. Abin da na lura a ɗakin awo shi ne uwaye kan yi ƙoƙari har allurar mako 14, sai doguwar tazarar nan ta sa a shagala, yaro na wasa lafiya, a manta da ta wata tara.

Sai tatata. Yaro ya kama turmi ya miƙe, ya bi bango yana dafawa, sannan a ba shi yatsu biyu ya riƙe, mai yi masa yana ja da baya, duk gida na tafi. Muna da keken katako mai ƙafa uku da wani kafinta ya yi tun haihuwar yayanmu, hannunsa har ya yi santsi don riƙo. Yaro kan tsaya a bayansa ya tura, nauyinsa a kan ƙafafunsa, in ya gaji ya zauna daɓas. Ya sha bamban da keken roba na yanzu da ake zura yaro a ciki yana reto, yana tafiya da kan yatsu, yana isa ga risho da ruwan zafi da bakin matakala kafin uwa ta juyo. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da irinsa tun 2004 saboda raunukan da yake jawowa, mu kuwa shi ne kyautar suna ta 'yan gayu.

A gidan yawa ba a rasa gasa. Ɗan wance ya tashi, naki fa? Wata 'yar baffana ba ta yi rarrafe ba sam, da gindi take ja, uwarta ta yi ta kuka a ɓoye. Iya ta ce mata, "Kowane da ranarsa, ke dai ki bar ta a ƙasa." Wata rana kuwa ta kama ƙafar gado ta miƙe. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda ya bi yara a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ya nuna lafiyayyen yaro na iya zama da kansa tun kafin wata 4 ko sai bayan wata 9, ya yi tafiya tun wata 8 ko sai wajen wata 17 da rabi, kuma kusan 4 cikin 100 ba sa rarrafe da hannu da gwiwa ko kaɗan. Sai dai haƙurin Iya na da iyaka a wurina. Yaron da ya wuce wata tara ba ya zama, ko ba ya juyowa in an kira shi, ko ba ya gwaranci, ko jikinsa ya saki, ko ya daina abin da ya riga ya iya, wannan ba na jira ba ne, a kai shi a duba.

Yanzu jikata ce ke wata takwas, a wani bene a Kaduna, gida mai tayil da ƙofar ƙarfe, maƙwabta ba su san sunan juna ba. Da na je na tafi da tabarma, na sa aka ɗaga keken robar aka ɗora a kan kabad. 'Yata ta ce, "Umma, tayil ɗin nan da sanyi, ga santsi." Na ce a shimfiɗa bargo a ƙarƙashi, a cire mata safa. Na kuma roƙi matar da ke ƙasansu ta riƙa turo 'yan matanta biyu in sun taso daga Islamiyya, su zo su yi mata surutu ko na rabin awa ne. Keken katako ne ya ba ni wahala. Kafintocin bakin titi, yara ne, ba su ma gane abin da nake nufi ba, sai da aka kwatanta mini wani dattijo a cikin kasuwa. Ina fara bayani ya katse ni, ya ce, "Hajiya, na tatata kike so? Rabona da yin sa an daɗe." Na ce ya yi shi da faɗin gindi yadda ba zai kife ba, ya goge katakon sosai saboda sartse, kuma kada ƙafafun su cika gudu a kan tayil. Ya ce zai naɗa musu robar taya, in dawo ranar Laraba.